Karen Gida Yana Ɗingishi: Uwargida, A Yi Hattara Da Maganin Ciwon Jiki

A wannan wata za mu taɓo wata magana wadda ba kasafai ake kawo ta a wannan fili ba, wato maganar karen gida da maganin da muke ba shi in ya yi rashin lafiya. Wata za ta ce ina ruwan uwargida da kare? To, duk wadda ta san zaman ƙauye a ƙasar Gumel ta san amsar. Daga Sule Tankarkar zuwa Gagarawa, daga garin Gumel har Maigatari a bakin iyakarmu da Nijar, da wuya ki shiga ƙauye ko ruga ba ki ji haushin kare ba. Shi ke gadin awaki da tumakin da muke kiwo, shi ke raka yara gona, shi ke bin mafarauta daji da rani. Kuma in ya dawo gida da rauni, sau da yawa maigida ba ya nan, uwargida ce ke fara ganinsa.

Abin da ya sa na ɗauko zancen

A bazarar da ta wuce na je suna gidan gwaggona a wani ƙauye da ke tsakanin Gumel da Sule Tankarkar. Na saba in na doshi gidan, karensu Ɗan-baƙi ne ke fara yi mini maraba da haushi tun daga bakin danga. Wannan karon shiru. Bayan mun gaisa na sha ruwa sai na tambaya.

"Gwaggo, ina Ɗan-baƙi ne ban ji motsinsa ba?"

Sai ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Ke dai bari, 'yar nan. Da hannuna na kashe shi, ina ganin taimakonsa nake yi."

Ga yadda abin ya faru. Wata rana ya bi samarin gidan gona ɗebo kara, ya dawo yana ɗage ƙafarsa ta gaba. Da dare ya yi ta kuka ya hana kowa barci. Gwaggo tana da haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da take saya a kemis saboda ciwon gwiwa, irin wanda ake ƙulla ƙwaya huɗu ko biyar a leda guda. Tausayi ya kama ta, ta cusa ƙulli ɗaya a lomar tuwo ta jefa masa. Da gari ya waye sai ga shi yana taka ƙafar, har da guje-guje. Ganin haka ta ci gaba da ba shi safe da yamma. A rana ta 3 ya ƙi abinci, ya fara amai, kashinsa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta. A rana ta 5 aka wayi gari ya mutu a gindin rumbu. Da samarin suka zo jan gawarsa, sai ɗayansu ya duba ƙafar, ya ga ashe ƙayar aduwa ce ta karye a tsakanin yatsunsa. Abin da tsinke da ruwan gishiri za su yi maganinsa cikin minti 5.

Bai cika wata ɗaya da mutuwa ba aka shiga garken da dare aka kwance mata awaki 2, ba wanda ya farka. Da ta ba malamin dabbobin da ke zagayowa ƙauyen labari, ya shaida mata cewa alamun da ta lissafa na zubar jini ne a cikin ciki, kuma ƙwayoyin ne suka jawo.

Me ya sa maganinmu ke cutar da kare?

Mafi yawan ƙwayoyin ciwon jiki da muke sha 'yan gida ɗaya ne. A cikinsu akwai ibufurofin, wanda aka fi sani da Brufen, da dikilofenak, wanda ake sayarwa da sunan Voltaren ko Cataflam, da firoksikam, wato Feldene, da indometasin, wato Indocid, da nafuroksin, da asfirin. Duk aikinsu guda ne: suna hana jiki haɗa wani sinadari wanda ke jawo kumburi da zafin ciwo. Shi ya sa in an sha ake jin sauƙi.

Sai dai shi wannan sinadari yana da wasu ayyuka masu amfani. Shi ke sa tumbi ya fitar da majinar da ke kare bangonsa daga ruwan tsamin da ke narka abinci. Shi ke kuma taimaka wa jini ya isa ƙoda yadda ya kamata, musamman lokacin da ruwa ya yi ƙaranci a jiki. In magani ya danne shi da yawa, sai tumbi ya fara cin kansa, gyambo ya fito, jini ya zuba, wani lokaci har tumbin ya huje. Ƙoda kuma ta rasa jini ta daina aiki. Ko a jikin mutum haka abin yake, shi ya sa likitoci ke hana mai gyambon ciki shan waɗannan ƙwayoyi. Amma tumbin kare da ƙodarsa sun fi namu saurin kamuwa nesa ba kusa ba.

Abu na biyu shi ne nauyi. An auna ƙwayar ne da jikin babban mutum mai kilo 60 ko 70. Irin karnukanmu na gida kuwa yawancinsu ba su wuce kilo 15 zuwa 20 ba. Ƙwayar ibufurofin 1 mai miligiram 400 ta isa ta sa karen kilo 15 amai da ciwon ciki, balle a ce safe da yamma har kwana 3.

Abu na uku shi ne daɗewar magani a jiki. Ɗauki nafuroksin. A jikin mutum rabinsa yakan fita cikin wajen awa 14. A jikin kare kuwa sai ya yi kusan kwana 3 kafin rabinsa ya fita. Ke nan in an ba shi na yau, aka ƙara na gobe, sai su yi ta taruwa a jini har su zama guba. Ko mu tuna da Indocid. Wace ce a cikinmu ba ta san ana barbaɗa shi a kan kifi ko tuwo don a kashe ɓera ba? Abin da muke kashe ɓera da shi, yaya za mu ɗauka mu ba dabbar da muke so ta rayu?

Haɗin kemis ya fi kowanne haɗari, domin sau da yawa mai saye bai san abin da ke ciki ba. Akan sami irin waɗannan ƙwayoyi kala biyu a ƙulli ɗaya, wani lokaci kuma a haɗa da deksametason ko firednisolon. Likitocin dabbobi suna hana haɗa waɗannan biyun da maganin ciwon jiki, saboda haɗuwarsu ce ta fi saurin huda tumbin kare.

Farasitamol fa?

Mu mata mun ɗauki farasitamol, wato Panadol, a matsayin maganin da ba ya cutarwa, tunda har jarirai muna ba su na ruwa. Gaskiya ne likitan dabbobi yakan rubuta wa kare shi a wasu lokuta, bayan ya san nauyinsa ya auna masa daidai. Amma in ya wuce ƙima yana lalata hanta, yana kuma ɓata jini ta yadda ba zai iya ɗaukar iska ba. Za a ga dasashin karen ya yi duhu ko ya yi ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu sun kumbura, yana haki. Bayan kwana biyu ko uku idanu su yi rawaya kamar mai shawara. Wanda aka haɗa da sinadarin kafin, irin mai jan kati da ake sha don gajiya, yana ƙara wa kare bugun zuciya da karkarwa.

Kyanwa kuwa ko kusa kada a yi. Hantarta ba ta da abin da ke sarrafa farasitamol, ƙwaya 1 mai miligiram 500 tana iya kashe ta. Gidaje da yawa muna da mage saboda ɓeraye, don haka a riƙe wannan da kyau.

Sai tiramadol, wanda matasa ke kira tiramol. Hukumar NAFDAC ba ta amince da wanda ya wuce miligiram 100 ba, amma masu fasa ƙwauri suna shigo da na 200 da na 225, kuma mu da ke bakin iyaka mun san barnar da ya yi a tsakanin 'ya'yanmu. In ya yi wa kare yawa yana jawo magagi, da karkarwa, da farfaɗiya. Bai kamata a same shi a ɗakin uwargida ba sai da takardar likita, balle a ba dabba.

Ɗingishi alama ce

Ɗingishi saƙo ne da jiki ke bayarwa cewa akwai abin da ya sami ƙafa. Zafin ciwon ne ke sa dabba ta ɗage ƙafar ta huta har ta warke. In an kashe zafin ba a cire sanadin ba, sai dabbar ta ci gaba da taka ƙafa mai rauni, ƙaramin tsagewar ƙashi ya zama karaya, ƙaya ta ƙara nutsewa ta yi mugunya. Abin da ya ruɗi gwaggona ke nan: ta ga ya tashi yana gudu, ta ɗauka ya warke.

A wannan yanki namu mai rairayi da itatuwan ƙaya, abubuwan da suka fi sa kare ɗingishi sanannu ne. Akwai ƙayar aduwa, da ta bagaruwa, da ta magarya. Akwai tsidau da ƙarangiya da ke maƙalewa tsakanin yatsu, musamman da kaka. Akwai tushen karan gero da dawa bayan girbi, masu kaifi kamar mashi. Akwai kwalba da tsohon gwangwani a bola. Kaska ma tana shiga tsakanin yatsu ta sa wurin ya kumbura. Da bazara, lokacin da zafi ke haura maki 40, rairayi da kwalta suna ƙona tafin ƙafa. Sai kuma bugun babur ko mota, musamman ranar Alhamis da hanyar Gumel zuwa Maigatari ke cika da motocin dabbobi saboda kasuwa. Akwai jifan yara, da tarko, da faɗa da wasu karnuka, da saran maciji, da harbin kunama. Tsohon kare kuma yakan yi ciwon gaɓoɓi kamar yadda tsofaffinmu ke yi, za a ga ya fi ɗingishi da safe ko lokacin hunturu.

Babban abin tsoro: haukan kare

A nan ne maganar ta bar kan kare ta dawo kan 'ya'yanmu. Yawancinmu mun san mahaukacin kare da cizo, da gudu ba ji ba gani, da dalalar yawu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne cutar tana da fuska ta biyu, mai shiru. A wannan, karen ba ya faɗa. Sai a ga ya yi laushi, yana tangaɗi, ƙafafun baya suna ja kamar sun shanye, haɓarsa ta saki, yawu na zuba, muryarsa ta canja, yana yi kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya. Mai gida sai ya ɗauka ɗingishi ne ko ƙashi ne ya tsaya masa, ya sa hannu a bakinsa don ya cire ko don ya tura masa ƙwaya. Ƙwayar cutar kuwa a cikin yawun take, kuma tana shiga ta cizo, ko yakushi, ko ta wani ɗan rauni a hannu, irin yankan wuƙa da tsagewar fata da ba ma rabuwa da su a madafa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare tana kashe mutum wajen 59,000 a duk shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duka daga kare suke ɗauka. Cutar takan ɓuya a jikin mutum wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako 1 kawai, wani lokaci har shekara. Da zarar alamunta sun bayyana, da wuya ƙwarai a tsira. Amma in an yi allura kafin su bayyana, ana kuɓuta da yardar Allah. Tun shekarar 1885 wani masani Bafaranshe, Luwi Fasto, ya fara yi wa wani yaro da mahaukacin kare ya ciza wannan allura, yaron ya rayu.

Don haka, uwargida, in kika ga kare yana jan ƙafafun baya ba tare da wani rauni da ido ke gani ba, ko halinsa ya sauya, mai faɗa ya yi sanyi ko mai sanyi ya fara faɗa, kada kowa ya taɓa shi. A janye yara, a rufe shi inda ba zai fita ba in hakan zai yiwu ba tare da haɗari ba, a aika wa ma'aikatan dabbobi da mai unguwa.

In kuwa ya riga ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa ana wankewa har minti 15. Kada a ɗaure raunin, kada a shafa barkono, ko toka, ko gashin karen kamar yadda wasu ke yi. A wuce asibiti a ranar, a gaya musu cizon kare ne. In ƙaramin asibitin ƙauye ba shi da allurar, a tafi Babban Asibitin Gumel ko duk inda suka tura, kuma a cika adadin alluran da aka rubuta. Karen da ya yi cizon, in da alamar lafiya a jikinsa, a tsare shi kwana 10 ana lura da shi, amma kada a jira kwana goman kafin a fara allura.

Abin da za ki iya yi a gida

In kin tabbata rauni ne, kuma karen yana cikin hayyacinsa, yana ci yana sha, ga matakan da za a bi.

Da farko a sami babban mutum wanda karen ya saba da shi ya riƙe shi. Kada a sa yara. Ko karen da ya fi kowanne ladabi yana iya cizo in an taɓa masa ciwo. A ɗaure masa baki da tsumma mai laushi na ɗan lokaci, sai dai in yana amai ko numfashi na yi masa wuya.

A duba ƙafar daga ƙasa zuwa sama a wuri mai haske: tafin, da tsakanin yatsu, da farce, sannan gaɓoɓi. A kwatanta da ɗaya ƙafar. In an ga ƙaya ko ƙarangiya a cire da hantsaki. In kaska ce a kama ta daf da fata a ja a hankali.

A wanke wurin da ruwan da aka tafasa ya huce, a sa ƙaramin cokali 1 na gishiri a rabin lita. A maimaita sau 2 a rana. Kada a zuba baƙin mai, ko kananzir, ko garin batir, ko maganin ƙwari irin fiya-fiya. Kare yana lasar ciwonsa, duk abin da aka shafa cikinsa zai tafi.

A ɗaure shi a inuwa kwana 2, a hana shi bin yara gona, a ajiye masa ruwa mai tsabta a kwanonsa na musamman. Hutu shi kaɗai yana warkar da targaɗe mai sauƙi.

Amma a nemi likita ko malamin dabbobi ba tare da jinkiri ba in ƙafar tana reto, ko ƙashi ya fito, ko ta kumbura sosai cikin ɗan lokaci, ko jini ya ƙi tsayawa, ko karen ya ƙi abinci, ko kwana 2 sun wuce ba sauƙi. A yi hattara da ɗori mai tsauri, domin in an matse ƙafa da kara da igiya jini ya daina zagawa, ƙafar tana iya ruɓewa.

Karnuka suna da nasu magungunan ciwo, kamar meloksikam da karfurofin. Su ma ba a ba da su da ka. Likita yana duba nauyin karen, da shekarunsa, da ko yana shan ruwa sosai, da ko macen tana da ciki, kafin ya faɗi adadi da yawan kwanaki. In ana cikin bayarwa aka ga amai, ko zawo, ko baƙin kashi, ko ƙin abinci, a dakata a koma wurinsa. A kowace daga cikin ƙananan hukumomin nan 4 ana iya tambaya a sashen aikin gona na sakatariya a nuna inda ma'aikatan lafiyar dabbobi suke. A kasuwa kuma a bambanta tsakanin ma'aikacin da ya yi karatun abin da mai tallan magani a faranti, wanda rana ta gama dukan kayansa.

In an riga an ba shi fa?

Kada kunya ta sa a ɓoye. A daina bayarwa nan take. A ajiye katin maganin ko ragowar ƙullin, a tuna ƙwaya nawa aka ba shi da kuma lokacin, a kai wa likitan dabbobi. Awa 2 na farko su ne mafi muhimmanci, domin a lokacin likita yana iya sa shi ya amayar ko ya ba shi abin da zai riƙe gubar kafin ta shiga jini. Kada a yi masa ɗure da manja ko ruwan gishiri, yana iya shaƙewa, gishiri mai yawa kuma guba ne a kansa. A bar masa ruwa ya sha da kansa. Kada kuma a ce tunda yana wasa lafiya lau ne, ciwon ƙoda da na hanta sukan ɗauki kwana 2 zuwa 3 kafin su nuna.

Akwai wani haɗarin da ya kamata mu tuna. Lomar tuwo ko tsokar naman da aka cusa wa ƙwaya aka jefa a tsakar gida, in karen ya shinshina ya bari, mai rarrafe yana iya ɗauka ya kai baki. Haka ledar haɗin da muke ajiyewa a ƙarƙashin filo ko a cikin kwanon jere. A ɗaga magani sama, a rufe.

Awaki, tumaki da darasin ungulu

Abin da muka faɗa a kan kare ya shafi sauran dabbobinmu. Da yawa daga cikinmu muna turke rago don layya ko don a kai Maigatari a sayar, kuma in ya fara ɗingishi hankali yakan tashi saboda jarin da aka zuba. Da damina, tsayuwa cikin caɓi da kashi tana ruɓar da kofato. Akwai kuma ciwon baki da kofato mai yaɗuwa a garke. Ƙwayar ciwon jiki ba ta maganin ko ɗaya daga ciki. Sannan duk maganin da aka ba dabba yakan zauna a nono da nama na wasu kwanaki. Shi ya sa ake rubuta a jikin kwalbar maganin dabbobi kwana nawa za a jira kafin a sha nonon ko a yanka. In aka ba ta na mutane, babu mai gaya miki wannan lissafi, kuma 'ya'yanki ne za su sha nonon.

Ƙasar Indiya ta ga abin da ya fi haka. A shekarun 1990 makiyaya a can suka rungumi dikilofenak suna yi wa shanu. Saniya in ta mutu da maganin a jikinta, ungulu ta ci mushen, sai ƙodarta ta lalace ta mutu cikin 'yan kwanaki. A cikin shekara 10 da 'yan kai, wasu nau'o'in ungulu 3 suka ragu da fiye da kashi 95 cikin 100. Sai a 2004 masu bincike a Fakistan suka wallafa tabbacin cewa maganin ne sanadi, kuma a 2006 Indiya da Fakistan da Nefal suka hana yi wa dabbobi amfani da shi. Da ungulu ta ɓace, mushe ya yi yawa, karnukan da ba su da masu su suka ƙaru, kuma masana sun danganta hakan da ƙaruwar cizon kare a can. A nan ƙasarmu ma ungulu ta yi wuyar gani a mahauta, ko da yake farautarta da sa guba ne manyan dalilai, har a 2015 aka sa irin tamu cikin jerin tsuntsayen da ke daf da ƙarewa. Bai kamata mu ƙara mata wata masifar ba.

Rigakafi ya fi magani

Allurar rigakafin haukan kare ana fara ta ne in ɗan kwikwiyo ya kai wata 3, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke wurin tun 1924, tana cikin masu yin wannan allura a Nijeriya. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da cutar a duniya, kuma ƙasashe sun ɗauki alkawarin kawo ƙarshen mutuwar mutane ta dalilinta nan da 2030. Uwargida, ki tuna wa maigida, in an ji sanarwar masu allura sun zo gari a kai karen, a kuma adana takardar.

Addininmu ya yi izinin ajiye kare don farauta da gadin dabbobi da gona, kuma duk dabbar da ke ƙarƙashin kulawarmu amana ce. Mun san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Tausayin da gwaggona ta ji abin yabo ne, kuma muna fatan Allah Ya ba ta ladan niyyarta. Abin da ya rage mana shi ne mu haɗa tausayin da sani, tunda Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Kafin na baro ƙauyen na ga an kawo mata wani ɗan kwikwiyo daga rugar da ke kusa. Ta ce mini da ya cika wata 3 za ta sa a kai shi Gumel a yi masa allura, ƙullin ƙwayoyinta kuma ta mayar da shi cikin akwati ta sa kwaɗo. Allah Ya kare mu da iyalanmu da dabbobinmu, Ya sa mu dace. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.